Kunnen Doki

Edita ya ce mu da muka komo daga gwajin koyarwa, ko wannenmu ya rubuto abu guda da ya koyo a can wanda ba a koya mana a nan kwaleji ba. Waɗansu 'yan'uwana sun rubuta a kan tsara darasi, waɗansu a kan yadda a ke shawo kan iyayen yara. Ni kuwa abin da na koyo wani zaɓe ne ya koya mini, zaɓen kansiloli na wata gunduma a Ingila wadda ban taɓa taka ƙasarta ba, wanda aka yi tun ina ɗan firamare. Amma kafin in kai ku Ingila sai in fara da kuskuren da na tafka, gama shi ne ya kai ni can.

An tura ni wata makarantar firamare, aka ba ni aji biyar, yara 46. A mako na biyu sai aka yi wa uban monitan ajin canjin wurin aiki, yaro ya bi iyayensa. Malamin ajin, wani dattijo da ya kusa barin aiki, ya ce mini, "Malam, ga ajinka nan, ka naɗa wanda ka ga dama." A makon nan kuwa darasin da ke gabana a kan zaɓe ne. Sai na ce a raina, to, gani ya kori ji, maimakon in cika allo da bayani, bari in sa yaran su yi zaɓen da hannunsu.

Muka shirya abin sosai. Kwalin alli ya zama akwati, na huda shi a bisa, na nuna wa kowa cikinsa wayam kafin in liƙe shi. Na yayyanka takarda daidai wa daida. Yara biyu suka tsaya. Na fari ɗan ƙaramin yaro ne mai zama a bencin gaba, gwanin lissafi, littafinsa tsaf, bai taɓa makara ba. Na biyu ƙato ne na bencin baya, ya girmi sauran da shekara biyu, karatu da ƙyar, amma shi ne kyaftin ɗin ƙwallo, in ya daka tsawa sai aji ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, tun ba a jefa takarda ko guda ba na san wanda na ke so.

Yara uku ba su zo makaranta ran nan ba, saboda haka takarda 43 aka jefa. Na zazzage su a kan tebur, na kira yarinya guda tana karanta suna da ƙarfi, wani yaro yana jan layi a allo. Takarda ɗaya an rubuta sunan duka biyun, muka jingine ta. Da aka gama, mai lissafi 21, mai ƙwallo 21. Kunnen doki. Aji ya ɗauki sowa, kowa ya zuba mini ido ya ga abin da zan yi.

Ban shirya wa wannan ba ko kaɗan, ga shi an kusa kaɗa ƙararrawa. Sai na ɗauki alli na ce, "To, ai ni ma ɗan ajin nan ne, ina da ƙuri'ata." Na ja layi guda a gaban sunan mai lissafi, na ce shi ne monita.

Ba a yi tafi ba. Can daga baya wani yaro ya ɗaga hannu, ya miƙe cikin ladabi, ya ce, "Malam, da ka gaya mana tun da fari kai za ka zaɓa, da ba mu ɓata takarda ba." Na ce masa ya zauna, ya zauna. Amma maganarsa ta bi ni har masaukina.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Yaran suka laƙaba wa sabon monita suna, suna ce masa "monitan Malam." In ya rubuta sunan masu surutu sai a yi masa dariya. In ya raba shara, rabin aji su ce ba su ji ba. Har waɗanda suka zaɓe shi suka fara janye jiki, don kada a ce da su 'yan koren Malam. Ran Alhamis na fito lokacin tara na gan shi a gindin bango shi kaɗai, yana cin ƙosansa, idonsa ya yi ja. Saura mako biyu kuwa malaminmu na kwaleji ya zo ya duba ni ya ba ni maki, ga aji ya rabu biyu, ni kuma na raba shi.

Na je wurin dattijon nan na faɗa masa duka. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, an taɓa yin watanda a gabanka?" Na ce ƙwarai, ko wace shekara a kan yi a unguwarmu. Ya ce, "In an yanka sa an kasa nama kashi kashi, wa ke cewa wannan kashin na wane ne?" Na ce ba kowa, ko wane mutum ya kan kawo ɗan tsinkensa ko tsakuwa, a kira yaron da bai san na kowa ba, ya bi yana ɗorawa a kan kashi. Ya ce, "Me ya sa ba a bar mahaucin ya raba ba, alhali ya fi kowa sanin nama?" Na yi shiru. Ya ce, "Domin ya fi kowa sanin nama." Bai ƙara ko kalma ba, ya ci gaba da duba littattafan yara.

Da dare na ɗauki waya na shiga neman abin da a kan yi a ƙasashen duniya in zaɓe ya yi kunnen doki. Nan ne na ci karo da labarin da na ke so in ba ku.

A arewa da birnin Mancesta akwai wani gari da a ke rubuta sunansa Bury, amma Beri a ke kiransa. Dā garin masaƙu ne, masu saƙa tufa da auduga a manyan ma'aikatu a bakin kogin Irwell. A can aka haifi Robert Peel a 1788, wanda ya kafa 'yan sandan Landan a 1829, daga baya ya zama Firayim Minista. A shekarar 1974 aka haɗa Bury da garuruwa biyar na kewaye, watau Ramsbottom da Tottington da Radcliffe da Whitefield da Prestwich, aka yi su gunduma guda mai majalisa guda. Ƙidayar 2011 ta sami mutum wajen 185,000 a cikinta.

Kada mai karatu ya ɗauka majalisar gunduma ƙaramin abu ce a wurinsu. Ita ke kwashe shara, ita ke gyaran titunan cikin gari da fitilunsu, ita ke kula da makarantu da ɗakunan karatu, da tsofaffin da ba su iya yi wa kansu kome, da yaran da ba su da mai riƙo. Ita ke ba da izinin gini, ita kuma ke yanka harajin da ko wane gida zai biya. Saboda haka jam'iyyar da ta riƙe majalisa, ita ke da ta cewa a kan wane ɗakin karatu za a rufe in kuɗi ya gaza, da wane za a bari.

A 2011 majalisar Bury tana da kansila 51, daga mazaɓa 17, ko wace mazaɓa uku. Ba a zaɓensu duka a lokaci ɗaya. Ko wane kansila shekara huɗu ya ke yi, sai a riƙa zaɓen sulusinsu ko wace shekara har shekara uku, a huta a ta huɗu. Jam'iyyar da ke son mulki ita kaɗai, ba tare da roƙon kowa ba, dole ta sami kujera 26.

Aka yi zaɓen ran Alhamis, 5 ga Mayu, 2011, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa goma na dare, kamar yadda su ke yi. A lokacin shekara guda ke nan da David Cameron ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta jam'iyyar Konsabatib da ta Libaral Dimokurat, suna ta rage kuɗin da a ke ba majalisun gundumomi, mutane da yawa kuwa a arewacin Ingila sun ji haushi. Kafin zaɓen 'yan Konsabatib ne ke riƙe da ragamar majalisar Bury. Da aka ƙidaya sauran mazaɓu, aka haɗa kujerun da jam'iyyar Leba ta ci da waɗanda ta ke da su tun dā, sai suka kama 25. Saura guda. Gudan nan kuwa tana Ramsbottom, wani ɗan gari a cikin kwari, ƙarƙashin tudun da aka gina hasumiyar tunawa da Peel.

Ga yadda su ke ƙidaya. A kan hatimce akwatunan a rumfa, a kwaso su zuwa babban zaure guda. Akawuna suna zaune a gefe ɗaya na dogayen tebura, wakilan 'yan takara suna tsaye a ɗaya gefen suna kallon ko wace takarda, amma ba su da ikon taɓa ko guda. Da fari a kan ƙirga takardun ko wane akwati a ga sun yi daidai da adadin da aka bayar a rumfa, sa'an nan a rarraba su bisa ga suna. Takardar da a ke shakka a kanta, a kan kai wa baturen zaɓe ya yanke hukunci a gaban wakilan duka. Baturen zaɓen nan ma'aikacin majalisa ne, ba ɗan siyasa ba. In tazara ta yi kaɗan, ɗan takara yana da ikon ya roƙa a sake ƙirgawa.

A Ramsbottom an sake ƙirgawa har sau uku. Daga ƙarshe Joanne Columbine ta Leba tana da ƙuri'a 1,822, Robert Hodkinson na Konsabatib shi ma 1,822. In ita ta ci, Leba ta kama majalisa. In shi ya ci, ba jam'iyyar da ke da rinjaye ita kaɗai, sai an shiga ciniki.

To, me baturen zaɓe ya yi? Bai tsaya yana auna wanda ya fi cancanta a ganinsa ba, gama doka ba ta ba shi wannan ba. Dokarsu ta ce in an gama ƙirga aka sami kunnen doki, nan take sai ya raba gardama ta hanyar gwajin sa'a, wanda sa'a ta faɗo wa a ɗauka kamar ya sami ƙarin ƙuri'a guda. Ba ta faɗi irin gwajin da za a yi ba. A waɗansu wurare kwabo a kan wurga sama. A gundumar Great Yarmouth a 2010 karta aka yanka, ɗan Leba ya zaro wadda ta fi girma. A Bury kuwa aka samo 'yan igiyoyin roba biyu irin waɗanda masu gyaran lantarki ke ɗaure waya da su, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, aka ɓoye gindinsu, aka ce a ja. Sa'a ta faɗo wa Columbine. Leba ta sami kujera 26 cikin 51, mulkin gunduma ya koma hannunta.

Da na karanta wannan sai da na yi dariya. Na ce ashe Turawan da suka kawo mana akwati da takarda, in ta yi tsami su ma tsinke su ke ja kamar 'yan watanda. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin da na ƙara bincike sai na tarar dā ba haka dokarsu ta ke ba. Dā irin dokata ce. A babban zaɓen 1886, a garin Ashton-under-Lyne, wanda shi ma yana kusa da Mancesta, 'yan takarar majalisar ƙasa biyu suka sami ƙuri'a 3,049 ko wannensu. Magajin garin shi ne baturen zaɓe, doka kuwa ta ba shi ikon jefa ƙuri'ar raba gardama, sai ya ba John Addison na Konsabatib. Watau abin da na yi da alli ke nan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka karɓe wannan iko daga hannun baturen zaɓe, suka mai da shi ga sa'a. Mutanen da suka daɗe suna zaɓe sun gwada hanyata, sun ga ba ta yi ba, sun bar ta.

Na kwana ina juya abin a zuciyata, gama da fari bai kwanta mini ba. Mutum 3,644 suka bar aikinsu suka je suka zaɓi ɗayan biyun nan, sa'an nan a ce ɗan guntun roba ne zai faɗi wanda zai riƙe kuɗin mutum 185,000? Wannan ba caca ba ce? Ashe hankalin mutum guda mai ilmi bai fi roba ba?

Amsar da na samu ita ce wannan. Robar ba ta danne ra'ayin jama'a ba, domin jama'a sun riga sun faɗi nasu, abin da suka faɗa kuwa shi ne mun rabu biyu daidai. Ko wanne aka ba, rabin mutane sun so shi, rabi ba su so ba. Ba a neman hikima a nan, gama hikimar jama'a ta ƙare a kan 1,822. Abin da a ke nema shi ne hanyar da wanda ya faɗi zai koma gida ba tare da ya ce wane ne ya kayar da ni ba. Roba ba ta da jam'iyya, ba ta da suruki, ba ta jiran a ƙara mata girma a wurin aiki. Wanda ya sha kaye a hannunta zai yi baƙin ciki, amma ba shi da wanda zai riƙe a zuciya. Baturen zaɓe kuma gobe zai iya yin aiki da ko wace jam'iyya, ba mai kallonsa da ido guda. Hankalin mutum ya fi roba nesa ba kusa ba, amma da zarar mai ƙirga ya sa hankalinsa a cikin ƙirga, duk abin da ya ƙirga a baya ma sai a fara shakkarsa. Yarana ba su tsaya ga layin da na ja kaɗai ba, har suka fara cewa wa ya sani ko takardar nan da Malam ya jingine ta mai ƙwallo ce.

Abu na biyu, dokar tana nan a rubuce tun kafin a buɗe rumfa. Columbine da Hodkinson sun san da ita ranar da suka tsaya. Tun ran gini ran zane. Ni kuwa sai da na ga sakamako sa'an nan na ƙago dokata, na kuma ƙago wadda za ta ba ni abin da na ke so. Ko da mai ƙwallo na ba, laifin yana nan daram.

Abu na uku, hukuncin sa'a ba na har abada ba ne. Bayan shekara guda, a 2012, aka sake zaɓen wani sulusin majalisar Bury, jama'a suka sami damar gyara abin da roba ta yi in ba su so shi ba. Sai suka ƙara wa Leba kujeru da yawa. Da sun ga dama kuma da sun rage mata. Mutum ya kan iya haƙuri da kaye in ya san akwai gobe.

Wani abu kuma ya faɗo mini wanda ya ba ni mamaki, ga shi kullum yana bakinmu ban taɓa lura ba. Kalmar ƙuri'a da mu ke cewa, daga Larabci ta zo, asalin ma'anarta kuwa shi ne wannan gwajin sa'a da a ke yi don raba gardama. Kakanninmu suna jefa ƙuri'a a kan rabon nama da rabon gona tun ba a san akwatin zaɓe ba. A makarantarmu ta dā ma an koya mana cewa da ƙuri'a manzanni suka zaɓi Matiyas ya cike gurbin Yahuza, sa'ad da mutum biyu suka cancanta. Da zaɓe ya zo ƙasar nan sai aka ara masa tsohon sunan. A ganina waɗanda suka ara ba su yi kuskure ba, gama aikin biyun ɗaya ne, watau a yanke magana ba tare da mai ƙarfi ya sa hannu ba.

Ran Litinin na shiga aji na ajiye littafin darasi. Na zana taswirar Ingila a allo gwargwadon iyawata, na sa ɗigo a Mancesta, na sa wani a bisansa. Na rubuta 1,822 sau biyu, na ba su labarin tun daga fari. Ban taɓa ganin yaran nan sun natsu haka ba. Na tambaye su, "Mutum nawa ne a Ramsbottom da zai iya canja wannan sakamako?" Wata yarinya ta ce, "Mutum ɗaya, Malam." Na ce wane ne shi? Ta yi tunani ta ce, "Duk wanda ya zauna a gida." Sai aji ya juya yana kallon yaran nan uku da ba su zo ran zaɓe ba, har ɗayansu ya sunkuyar da kai. Ni ma na ji kunya a ɓoye, domin ina da katin zaɓe a aljihu, amma ranar zaɓen ƙaramar hukumarmu wanki na tsaya yi, ina cewa ai an riga an san wanda zai ci.

Sa'an nan na ba su labarin magajin garin Ashton, na ce, "Wa kuka sani ya yi irin wannan?" Ba wanda ya amsa, sai murmushi. Na ce, "Ni ne. Na yi kuskure, na kuwa cuci mutum biyu, wanda na hana da wanda na ba. Ku gafarce ni." Ya ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, ban san abin da ya fi wannan nauyi a baki ba, mutum ya tsaya gaban yara 'yan shekara goma ya ce ya yi laifi. Na zaci za su raina ni. Ban ga alamar haka ba.

Na ce musu yanzu sai mu yi doka tukuna, kafin mu san wanda za ta taimaka. Na gaya musu hanya biyu ce a gabanmu. Ta Ingila ita ce a ja tsinke. Tamu ta Nijeriya dabam ce, gama Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce in 'yan takara suka yi kunnen doki a sama, baturen zaɓe ba zai bayyana kowa ba, sai a sa rana a sake zaɓe. Ko wace hanya da amfaninta. Sake zaɓe yana mai da magana ga jama'a, amma yana cin kuɗi da lokaci. Jan tsinke yana gama magana nan take. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne, a cikin biyun ba inda aka ce mai ƙirga ya zaɓa.

Yaran suka yi ta muhawara har aka kaɗa ƙararrawa. Daga bisani suka haɗa biyun. Za a sake zaɓe ran Laraba. Ko wane ɗan takara zai sa wakili guda ya tsaya a bakin tebur. Takardar da ke da suna biyu ta lalace. In an sake yin kunnen doki, a ƙirga sau biyu, in bai canja ba a ja tsinken tsintsiya, dogo ya ci, ɗan aji ɗaya ne kuma zai riƙe tsinkayen. Doka ta ƙarshe yaron nan da ya yi mini magana ran fari ne ya kawo ta, ya ce, "Malam ba shi da ƙuri'a." Aka rubuta duka a babbar takarda, 'yan takara biyu suka sa hannu, aka manna a bango.

Ran Laraba ba wanda ya yi fashi, har wani mai zazzaɓi sai da ya lallaɓo. Takarda 46, ba wadda ta lalace. Mai ƙwallo 26, mai lissafi 20. Ba a bukaci tsinke ba.

Ku duba lissafin nan da kyau. An sami ƙarin masu zaɓe, amma yaron da na so ya ragu da ƙuri'a guda. Waɗansu da suka zaɓe shi da fari sun guje shi, ba kuwa don ya yi musu kome ba, sai don tambarin da na buga masa. Ya tashi ya je bencin baya ya miƙa wa abokin takararsa hannu, aji ya yi tafi, wannan karon tafi na gaske. Mai ƙwallo kuma ya ba ni mamaki, gama da aka ba shi rajistar masu shara sai ya kai wa mai lissafi ya ce ya riƙa rubuta masa, shi hannunsa ba kyau.

Da aka tashi, mai lissafi ya tsaya ya taya ni goge allo kamar yadda ya saba. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce ba kome. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Malam, da tsinke aka ja ran nan, da ina da rabi." Gwanin lissafi ne, bai kuwa yi kuskure ba. Ran fari yana da rabin sa'a, kuma da ya ci ta wannan hanya ba mai ce masa monitan Malam. Ni da na so shi, ni na ƙwace masa rabin nan.

Malaminmu na kwaleji ya zo a makon da ya biyo, ya tarar da aji a share, ya tsaya ya karanta takardar da ke bango, ya tambaye ni labarinta, na gaya masa gaskiya. Makin da ya ba ni ba laifi. A ƙasan takardarsa ya rubuta cewa in riƙa tunanin ƙarshen darasi kafin in fara shi.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan a mujallarmu shi ne, rumfunan zaɓe da yawa a ƙasar nan a farfajiyar makarantu a ke kafa su, sau da yawa kuma malamai a kan ɗauka su zauna a bakin akwati. Nan gaba kaɗan waɗansunmu za su riƙe takardun sakamako na zaɓen kansila ko na shugaban ƙaramar hukuma, a ƙauyen da kowa ya san kowa. Ran nan za ka san wanda ka ke so, mai yiwuwa ma kana da gaskiya shi ya fi cancanta, kamar yadda har yanzu na ke ganin mai lissafi ya fi dacewa da monita. Za a sami takarda mai shakka, ko lamba da ba ta fito sosai ba, alƙalami kuwa yana hannunka. In ranar ta zo, ina roƙonka ka tuna da baturen zaɓen Bury, wanda mulkin gunduma guda ya rataya a gabansa, ya aika a nemo roba.

Tsinkayen tsintsiyar nan biyu da yaran suka tanada ba a yi amfani da su ba. Ranar da zan bar makarantar sabon monita ya kawo mini su a naɗe cikin takarda, ya ce aji ne ya ce a ba ni. Suna nan cikin littafin darasina.